Jawabin Ƙaddamar da Littafin Taswira ga Makarantun Wurno, Rabah da Goronyo

 

Babu yaron wannan yanki da bai san cewa Wurno ce ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba, inda ya rasu a 1837, ko kuwa cewa a Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Amma ɗalibai nawa ne suka taɓa jin yadda Goronyo ta yi suna a wurin masana duwatsu na duniya? A 1972 masu bincike daga Italiya suka raɗa wa wata dabbar ruwa suna Goronyosaurus, domin a gundumar Goronyo aka tono ƙasusuwanta. Ƙaton ƙadangaren teku ne mai dogon baki irin na kada. Ya rayu sama da shekara miliyan 66 da suka wuce, zamanin da teku ya malale ƙasar nan da ake noman shinkafa da albasa a kanta.

Shaida tana nan a gefen tsaunuka, hawa-hawa: lallausan yashi a ƙasa, laka mai toka-toka a tsakiya, yashi kuma a samanta. A cikin lakar ake tsintar haƙoran kifi da ƙasusuwan da suka zama dutse. Masana sun ba hawayen nan uku sunayen garuruwan yankin, wato Taloka, Dukamaje da Wurno.

Aikin littafin taswira ke nan. Idan malamin labarin ƙasa ya jera shafin duwatsu da na koguna da na ruwan sama, ɗalibi da kansa zai gano dalilin albarkar fadamar Rima, da hikimar tare gulbin da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, da abin da ya kai masana'antar siminti Kalambaina, inda farar ƙasa take jibge. Da wuya a ga ƙaramin gari irin Taloka a littafin makaranta, saboda haka ya kamata kowane aji ya zana tasa taswirar, ya nuna tsauni da kwazazzabo da ramukan da ake haƙar yashi da marmara. Wurin da babu shi a taswira, ba a sanin ranar da tifa za ta kwashe shi.

Hukumar UNESCO ta keɓe 6 ga Oktoban kowace shekara don tunawa da irin wannan arziki na duwatsu da ƙasa. Ya dace makarantun nan su riƙa raya ranar.

Roƙo ga shugabannin makarantu shi ne kada a kulle littattafan nan a kabad. Ɗalibin da ya ci karo da ƙashi a cikin dutse kuwa, kada ya fasa, kada ya sayar. Ya sanar da malaminsa, malamin kuma ya isar da labari ga masana duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.