Abin da Ke Maimaita Kansa da Abin da Ba Ya Maimaitawa



Maganarmu ta yau a kan wani darasi ce da mu ɗaliban injiniyan lantarki muke karantawa a Samaru, wato bambancin sigina mai maimaita kanta da wadda ba ta maimaitawa. Sigina ita ce duk abin da ke sauyawa da tafiyar lokaci, kuma ake iya auna shi.

Wutar da ke kunna fitilu daga Sabon Gari har Shika tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, ta Amurka kuwa sau 60. Kowane zagaye tamkar ɗan'uwansa yake, don haka wanda ya san ɗaya ya san saura. Walƙiya kuwa sau ɗaya take giftawa, ba ta sake dawowa da kamanninta.

A shekarar 1822 wani masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya buga littafinsa a kan zafi. Daga aikinsa muka koyi cewa ana iya rarraba sigina mai maimaita kanta zuwa igiyoyi masu sauƙi: uwar mai zagaye 50, sa'an nan ninkinta, 100, 150, da sauransu. Wadda ba ta maimaitawa kuwa ta ƙunshi igiyoyi na kowane zango a cakuɗe. Shi ya sa in hadari ya taso, kowace tasha kuka murɗa a matsakaicin zango sai ƙarar walƙiya ta kutsa cikin rediyonku.

A asibitin koyarwa na Shika, na'urar auna bugun zuciya tana zana layi mai kusan maimaita kansa. Likita yakan nemi inda tsarin ya karye, domin sau da yawa can cuta take nuna kanta.

Haka damina take. Kowace shekara tana sauka a ƙasar Zazzau wajen watan Mayu, ta ɗauke wajen Oktoba, amma yawan ruwanta ba ya maimaita kansa. Farin 1973 ya isa shaida. Saboda haka muna kira ga waɗanda gobe za su tsara aikin gona da ruwan sha, kada su yi lissafin ruwan baɗi da mudun bana. Su riƙa barin tanadi saboda shekarar da za ta saɓa.