Abin da Yaƙin Basasa Ya Bar Mana



Ina yaro a Limawa aka fara yaƙin basasa a 1967. Ba a harba ko harsashi ɗaya a Dutse ba, amma mun ji a jikinmu. Da aka canja takardun kuɗi a Janairun 1968, mahaifina, mai fataucin shanu a Maigatari kan iyakar Nijar, ya yi asarar tsofaffin fam da ya ɓoye. Gowon ya kafa Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamna, ƙarfin En'e ya ragu. Yayana ya shiga soja, aka gama yaƙi a 1970 bai dawo ba.

Roƙona, mu tattara sunayen irinsu tun dattawanmu na raye. Allah Ya jiƙansu, amin.