Kukan Tsohuwar Rediyo da Maganinsa



Magana zan yi a kan wani kayan tarihi da ke salwanta a gidajenmu na Argungu, wato tsohuwar rediyon nan mai akwatin katako, irin su Pye da Philips, wadda sai an kunna ta ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Irinta ce iyayenmu suka riƙa kewayewa lokacin da BBC ta fara shirin Hausa a 1957, da lokacin da aka buɗe Rediyon Kaduna a 1962. Da ƙaramar rediyo mai tiransista ta cika kasuwa sai aka jefa ta ƙarƙashin gado. Idan wani ya ɗauko ta ya kunna, ya ji tana kuka, sai ya ce ta mutu, ya sayar wa 'yan gwangwan. To, rediyon da ke kuka tana da sauran rai, kuma irin kukan shi ke nuna inda ciwon yake.

A cikinta akwai bawul-bawul, wasu ƙwayayen gilashi masu ƙara ƙarfin sigina mataki-mataki. Idan siginar da ta fita daga wani mataki ta sami ɓarauniyar hanya ta koma baya, sai ta yi ta zagayawa tana ƙaruwa. Kun san yadda lasifika ke ihu a wurin taro idan an kusantar da makirufo gare ta. Abin ke nan.

Kukan iri uku ne. Na farko shi ne "fut-fut-fut", kamar injin ban ruwa a fadama. Wannan galibi laifin manyan kwandansa ne masu tace wuta, domin zafi irin namu yana busar da ruwan da ke cikinsu. Sai a sa sababbi masu awo ɗaya da tsofaffin. In kuwa mai batir ce, wadda ke cin bolt 90, batirin da ya raunana ma yana jawo haka.

Na biyu fito ne mai tashi da sauka yayin da ake neman tasha. A nan sai a duba hular ƙarfen da ke rufe wasu bawul: ko ta ɓata, ko tsatsa ta hana ta taɓa farantin ƙarfen da aka ɗora kayan a kai. A goge ƙafafun bawul, a canza ƙananan kwandansa na takarda da kakin zuma, kuma a mayar da kowace waya daidai inda masana'anta suka kwantar da ita. Wayoyi biyu da suka matso kusa da juna sun isa su tayar da fito.

Na uku gunji ne da ke zuwa idan an ƙara murya. A ƙwanƙwasa kowane bawul a hankali da gindin fensir. Wanda ya amsa a lasifika, shi ne cikinsa ya saki.

Sai gargaɗi biyu. Kada a taɓa ƙananan sukurorin da ke kan gwangwanayen cikinta, domin sai da na'ura ake daidaita su. Sannan mai aiki da lantarki tana ɗauke da wajen bolt 250, kuma kwandansa na riƙe wuta bayan an zare fulogi. Wannan na iya kisa, don haka wanda bai koya ba ya kai wa mai gyara. Shi ma mai gyaran ya canza abu ɗaya, ya kunna ya saurara, kafin ya taɓa na gaba.

Roƙona ga ƙungiyarmu shi ne mu nemi dattawan masu gyaran da suka rage a Argungu da Birnin Kebbi, mu haɗa su da ɗaliban kimiyya na makarantarmu. Wanda ke da irin wannan rediyo ya kawo, a gyara ta a gaban yara, su ga darasin Fiziks da idonsu. Wadda ta ƙi gyaruwa kuwa, Gidan Tarihi na Kanta ya fi dacewa da ita a kan bola.