Jawabi Kan Ladabi a Filin Ƙwallo



A gasar hoki ta kan ƙanƙara a Kanada da Amurka, wanda ya yi dambe minti 5 yake yi a benci, a ci gaba da wasa. Namu rikicin ya fi tsada. A 2019, a Agege, kyaftin ɗin Kano Pillars, Rabi'u Ali, ya tunkari alƙalin wasa, magoya baya suka kutsa fili, aka dakatar da shi wasa 12. A 2022 aka zabtare wa ƙungiyar maki, ta faɗa rukuni na biyu. Wa ya ji jiki? Leburan Sharada, Challawa da Bompai, masu yankar tikiti da guminsu. Ni dai ina ganin shugabannin ƙungiyar ya kamata su riga hukumar gasa hukunta ɗan wasansu, ko da kyaftin ne.