Gidajen Talakawa a Ikko: Wa Zai Biya, Wa Zai Yi Aikin?



Maganar da za a tattauna a wannan zama ita ce ta muhalli, watau ɗakin da talaka zai sa haƙarƙarinsa bayan ya gama wahalar yini. Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ya san abin da ake nufi: kuɗin shekara a dunƙule, ga na dillali, ga na takardar yarjejeniya, sa'an nan ɗakin ya zama irin na dogon gidan nan da ƙofofi ke kallon juna, mutum talatin suna layin makewayi guda. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma dokar ba ta ƙara ɗaki ko guda ba. A ƙidayar 2006 Gwamnatin Tarayya ta ce mutanen Agege sun haura 450,000, gwamnatin jiha kuwa ta ce sun haura miliyan ɗaya. Kowanne aka ɗauka, ƙasar ta yi wa jama'arta kaɗan.

Saboda haka ake yawan jin tambaya a majalisu: me ya hana ƙaramar hukuma, wadda ita ce ta fi kusa da jama'a, ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi kamar yadda aka yi zamanin Jakande? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin tarihin yadda aka yi waɗancan gidaje.

Alhaji Lateef Jakande, tsohon editan jaridar Tribune, ya hau kujerar Gwamnan Legas ranar 1 ga Oktoba, 1979, a ƙarƙashin jam'iyyar UPN, ya sauka da juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983. Cikin shekara huɗu da wata uku ya kafa unguwannin gidaje a Amuwo-Odofin, da Iponri, da Oke-Afa, da Abesan, da Iba, da Ikorodu, da Badagry, da Epe, har da Ijaiye nan kusa da Pen Cinema. Mutane sukan danganta abin ga halin mutumin, domin kuwa a gidansa na Ilupeju ya zauna yana Gwamna, kuma motarsa ta kansa yake shiga. Wannan gaskiya ne. Amma fa hali shi kaɗai ba ya aza bulo.

Abu na farko da Jakande ya tarar shi ne ma'aikata. Tun 1928, bayan annobar ɓeraye da ta faɗa wa Ikko a 1924, Turawa suka kafa hukumar raya birni ta LEDB. Ita ce ta fara rushe cunkoson tsakiyar tsibirin Legas a 1955, ta kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a Surulere. A 1972 aka haɗa ta da hukumomin tsara gari na Ikeja da Epe, aka sami hukumar LSDPC. Ashe ke nan ranar da Jakande ya shiga ofis, akwai wata ma'aikata mai gadon aiki na shekara hamsin, da safiyoyinta, da masu zanen gini, da injiniyoyi, da masu ƙididdigar kayan aiki, da akantoci, da akawuna masu riƙe littafin haya. Waɗannan su ne suke auna fili, su fitar da tsadar bene guda, su bi ɗan kwangila su ƙirga buhunan sumuntin da ya zuba. An kuma sauƙaƙa musu aikin da zane iri ɗaya: bene mai ɗauke da gida shida, ba ado, ba ƙawa, a maimaita shi ɗari bisa ɗari. Wanda ya duba na farko ya san yadda na ɗari ya kamata ya kasance.

Na biyu, fili. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen birni a hannun Gwamnan jiha. Ga wanda yake son gini, wannan babbar dama ce.

Na uku shi ne kuɗi, kuma a nan ya kamata a tsaya. Jarin farko daga kasafin jiha ya fito, a lokacin da man fetur yake da daraja. Amma an gane cewa idan aka gina gida aka ce talaka ya biya kuɗinsa gaba ɗaya, mai kuɗi ne zai saye ya sa talakan haya. Shi ya sa a 1980 aka kafa LBIC, hukumar ba da rancen gida, domin wanda ya sami gidan ya riƙa biya sannu a hankali cikin shekaru, abin da ya biya kuma ya koma asusu a gina wa wani. Rance irin wannan yana bukatar nasa ma'aikatan, masu rubuta sunan kowa, da masu bin bashi wata-wata. Idan babu su, asusun ya zama rijiya gaba dubu.

A daidai wannan lokaci Gwamnatin Tarayya ta Alhaji Shehu Shagari ta ɗauko nata shirin, na gina gida 2,000 kowace shekara a kowace jiha cikin jihohi 19, da Abuja. Niyya ce mai girma, kuma akwai unguwar Shagari a Ipaja da ta fito daga cikinsa. Sai dai kuɗin yana hannun Tarayya, filin yana hannun gwamnoni. A jihohi da dama, musamman inda wata jam'iyya dabam ke mulki, an ba da fili can bayan gari, inda babu hanya, babu ruwa, babu wuta, aka gama gini ba mai shiga. An raba kwangiloli ga mutanen da ba su taɓa riƙe cebur ba, masu duba aiki kuma ba su kai yawan wuraren ba. Da farashin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, abin da aka kammala bai kai ko kusa da abin da aka yi alkawari ba.

Shi ma shirin Legas bai tsira ba. Soja sun zo sun tarar da benaye da yawa ba a gama ba. A watan Yuli na 1990, da gwamnatin Raji Rasaki ta rushe Maroko, cikin irin waɗannan kangaye na Ilasan da Ikota aka zuba wasu daga cikin waɗanda aka kora. Wanda ya zaga unguwannin Jakande a 'yan shekarun nan zai ga bango ya tsage, magudanar ruwa ta toshe, domin an tanadi kuɗin gini, ba a tanadi na gyara ba, ba a kuma ajiye mutanen da za su riƙa kula ba.

To, yanzu a auna ƙaramar hukuma da wannan ma'auni.

Wajen doka, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe tsarin En'e, ya mai da su hawa na uku na gwamnati. Amma Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, inda aka lissafa ayyukansu, bai ambaci gina gidajen jama'a ba. Abin da ke ciki shi ne kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da makewayin jama'a, da tituna da magudanan ruwa na cikin unguwa, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da ƙiyasta harajin gidaje, da kula da gidan gajiyayyu. Wajen fili, ikon da dokar 1978 ta ba ƙaramar hukuma na ƙasar karkara ne. Agege kuwa ta daɗe da fita daga karkara. Gonakin goro da suka jawo kakannin Hausawa nan, bayan zuwan jirgin ƙasa, duk sun zama gidaje.

Wajen kuɗi, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na Asusun Tarayya. Sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, inda kuɗin ya saba bi. A Legas akwai ƙarin ƙulli. Tsarin Mulki ya san ƙananan hukumomi 20 ne kawai, amma a 2003 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙirƙiro wasu 37, abin da ya sa Shugaba Obasanjo ya riƙe kason Legas a 2004 har aka je Kotun Ƙoli. Orile-Agege tana cikin 37 ɗin. Watau tukunyar da aka dafa don mutum 20, mutum 57 ke ci. Harajin gidaje kuma, wanda a manyan biranen duniya shi ne ƙashin bayan hukumar gari, tun 2001 aka haɗe shi da wasu haraji, jiha ke karɓa ta raba. Bayan an cire albashin malaman firamare da na ma'aikata, abin da ya rage ba na gina unguwa ba ne. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma an shafe watanni bayan nan ana gardamar yadda za a aiwatar.

Wajen ma'aikata, manyan jami'an ƙaramar hukuma ba shugabanta ke ɗaukarsu ba. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗauka, ta ƙara girma, ta yi canjin wurin aiki. Injiniyan da ya fara aiki a Agege bana yana iya samun kansa a Epe baɗi. Ƙwararren safiyo ko mai zanen gini kuwa, kamfani zai ba shi abin da ƙaramar hukuma ba za ta iya ba. Saboda haka ɗan takarar da ya tsaya a Zango ya yi alkawarin gidaje ɗari biyar, ya kamata a tambaye shi cikin ladabi: a wane fili, da wane kuɗi, kuma wa zai duba aikin?

Akwai wani gefen maganar da ya shafi Hausawan Ikko musamman. Ko da an gina gidajen, ƙofar shiga takarda ce. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 an gina shi ne a kan cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashi. Shirin Lagos HOMS na Gwamna Fashola a 2014 ya nemi kashi 30 cikin ɗari na kuɗin gida tun farko. Shirin haya-har-mallaka na Gwamna Ambode a 2016 ya sauko zuwa kashi 5, a biya sauran cikin shekara goma. Shirye-shiryen jihar guda biyu sun nemi shaidar zama a jihar, watau katin LASRRA, da shaidar biyan haraji, da shaidar samun kuɗi a kai a kai. Mahauci a Oko-Oba, ko dillalin albasa a Mil 12, yana iya juya kuɗin da ya fi albashin babban akawu, amma cinikinsa na amana ne da baki, ba shi da takarda ko guda. Wasu kuma sun shekara talatin a Agege suna cewa baɗi za su koma gida, ba su yi rajistar komai ba, ga 'ya'yansu da jikokinsu an haifa a nan, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu.

A nan ne ƙaramar hukuma take da aikin da bai fi ƙarfinta ba. Tana iya sa akawuna su bi unguwa gida-gida, su ba kowane gida lamba, su rubuta masu haya, domin gwamnatin jiha ba za ta tanadi gida ga mutumin da ba ta san da shi ba. Tana iya taimaka wa ƙungiyoyin mahauta, da na 'yan goro, da na masu kayan gwari, su mai da adashinsu ƙungiyar gama-kai mai rajista da littafin ajiya a banki, wanda shekara uku ko huɗu na zubi a cikinsa shaida ce da mai ba da rance zai duba. Tana iya gyara magudanan ruwa da makewayin jama'a, waɗanda doka ta ɗora mata, ta yadda gidajen da ake da su za su zaunu. Duk wannan ba ya bukatar bene ko guda, sai ma'aikata kaɗan da za a bari su daɗe a wuri ɗaya, da layi guda a kasafin kuɗi da aka rubuta dominsu.

Kasafin ƙaramar hukuma kuwa a gaban kansiloli ake gabatar da shi kowace shekara, kuma kowace mazaɓa a Agege tana da kansila. Dattawan Zango da shugabannin kasuwa suna da ikon neman a nuna musu takardar, su duba nawa aka ware wa sashen ayyuka, da mutum nawa ke aiki a cikinsa.