Ciwon da Kaki Ke Rufewa: Jawabi Kan Tarbiyyar Hafsoshi da Masu Horar da Soja

 

Abin da wannan jawabi ya ƙunsa shi ne lafiyar hankalin soja, da nauyin da ya rataya a wuyan hafsoshi da masu horarwa game da ita. Wani zai ce ai wannan maganar bariki ce, ba ta shafi mai fataucin albasa ko ma'aikacin ofis ba. To, sojan nan ɗan wani ne, mijin wata ne. Samarin Adar da Majiya suna cikin waɗanda ake ɗauka aikin soja, kuma nan suke komowa hutu, nan suke zama bayan sun ajiye kaki.

A watan Oktoba na 2016 an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, cikin jihar Tawa. A Disamba na 2019 soja 71 suka kwanta dama a Inates, a Janairu na 2020 wasu 89 a Shinagodar. A Oktoba na 2023 aka rasa 29 kusa da Tabatol. Ƙasa ta yi zaman makoki, kuma ya dace. Amma akwai waɗanda suka tsira, suka ɗauki gawawwakin abokansu da hannuwansu, sannan suka koma bakin aiki. Su wa ya tambaye su yadda suke kwana?

Likitoci sun san wannan ciwo. Alamominsa su ne rashin barci, da mafarkin abin da ya faru, da razana idan ƙofa ta bugu, da saurin fushi, da ƙaurace wa mutane. Wani kuma ya faɗa shan ƙwaya don neman sauƙi. A gida sai a ce iska ce ko sammu, a bariki a ce ragwanci ne. Ko Ingila ta yi wannan kuskure: a Yaƙin Duniya na Farko ta harbe soja 306 bisa laifin gudu ko tsoro da makamantansu, alhali wasunsu marasa lafiya ne, sai a 2006 aka yi musu afuwa. Likitocin Amurka ma sai a 1980 suka sanya ciwon cikin kundinsu, bayan yaƙin Biyetnam.

Likitocin hankali kaɗan ne a Nijar, kuma sashen da aka fi sani yana babban asibitin Yamai, tafiyar yini daga Keita. Saboda haka wanda zai fara ganin ciwon shi ne sarzan da ke kwana tare da yaransa, da laftanan da ke jagorantar su sintiri. Idan ba a koya musu ba, da horo za su amsa, ciwon kuma ya ƙaru.

Abu uku ake nema daga hukumomi. Na farko, darasin lafiyar hankali ya samu gurbi tabbatacce a makarantar hafsoshi, da ta ƙananan hafsoshi a Agadas, da cibiyar horar da kurata ta Tondibiya, a kuma yi jarrabawarsa kamar yadda ake yin ta harbi. Na biyu, kowane sabon hafsa a haɗa shi da wani dattijon soja da zai zame masa ubangida, wanda zai iya kai wa kuka ba tare da maganar ta shiga takardunsa ba. Na uku, sojan da ya nemi magani kada a hana shi ƙarin girma, domin idan an hukunta ɗaya, ɗari za su yi shiru.

Shirun soja kuwa ba alheri ba ne. A ƙarshen Fabrairu na 1992, lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadu Sheifu, ƙananan sojoji sun yi bore kan albashin da ba a biya ba, suka kama gidan rediyo, suka tsare Andre Salifu. Kukan da bai samu mai saurare a bariki ba, a titi yake fitowa, kasuwa da ofis su ne ke biyan kuɗinsa.

Mutanen Buza sun san amfanin haƙuri. Layukan dogon yaro da aka soma dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun ɗauki shekaru kafin su kare gonaki daga iska. Tarbiyyar hafsa ma haka take, kuma dole a soma ta tun yana kurtu.

Iyalai su ma da nasu rabon. Idan soja ya zo hutu ya sake hali, a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. Ɗaya ba ta hana ɗaya. Kada a yi masa gori, kada a ɓoye shi a ɗaki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu raunin fili da na ɓoye lafiya, Ya zaunar da Nijar lafiya.