Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Shari'a



Ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, na san kun haddace Babi na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 33 ya kare rai, na 38 ya kare addini da abin da zuciya ta yi imani da shi. A kan takarda suna zaune lafiya. A gadon asibiti kuwa, ranar da mara lafiya ya ce addininsa ya hana a ƙara masa jini, dole ɗaya ya sassauta wa ɗaya.

Sau biyu wannan batu ya kai gaban Kotun Ƙoli. A shari'ar Okonkwo ta 2001, wata baliga mabiyar Shaidun Jehobah ta ƙi jini, likita ya girmama zaɓinta, ta rasu. Kotu ta wanke likitan, domin jikin nata ne, imanin ma nata. A shari'ar Esabunor ta 2019 kuma, jariri ne kwance, mahaifiyarsa ta ce a'a. Nan kotu ta goyi bayan ƙarin jinin da aka yi masa. Dalilinta shi ne, yaron bai kai ga zaɓen aƙida ba, kuma ba za a biya imanin uwa da ran ɗa ba.

Ina tare da hukunce-hukuncen biyu ɗari bisa ɗari, ko da yake na farkon yana sosa mini rai har yau. Alƙalan ba su jera haƙƙoƙi sun ce wannan ne yaya, wancan ƙane ba. Sun tambaya ne: wa zai ɗauki asarar, kuma shi ya zaɓa wa kansa?

Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu 'yanci saboda tsaro, lafiyar jama'a ko haƙƙin wani, muddin matakin ya dace da dimokuraɗiyya. 'Ya'yana, masu mulki za su riƙa ɗaga muku wannan sashe. Ku neme su da hujja, ku tambaye su ko babu wata hanya mafi sauƙi. Wanda hukunci ya kayar ma ɗan ƙasa ne, yana da haƙƙin jin dalili dalla-dalla, cikin harshen da yake fahimta.

Ina taya ku da iyayenku murna. Allah Ya sa albarka a karatunku, Ya mai da kowa gida lafiya.